Kwarzanen Fitilar Hagu

Babu abin da Injiniya yake tsoro kamar a tsaya masa a kai yana aiki. Da zarar inuwar mutum ta faɗo bisa hannunsa, sai tafinsa ya jiƙe, abin da ya sani duk ya kwance masa. Sunan ma ba don girmamawa aka laƙaba masa shi ba. Kawunsa, mai garejin, shi ya fara kiransa haka ranar da ya zo neman aiki riƙe da takardar difloma a cikin leda.

Wata takwas Kawu bai bari ya taɓa komai ba sai bokiti da tsumma. Ranar nan ce aka fara damƙa masa aiki nasa na kansa, shi ma da sharaɗi: idan ya ɓata, ya nemi wani garejin.

Motar ta wata ungozoma ce mai zirga-zirga tsakanin asibitoci. Fitilunta sun dushe, sun yi rawaya kamar tsohon haƙori, ta hagun kuma wata waya ta ja mata dogon kwarzane daga kusurwa har tsakiya. Da Kawu ne, man birki zai ɗiga a tsumma ya shafa, fitila ta yi ƙyalli na mako guda sannan ta tsattsage. Injiniya kuwa salatif ya fara kewaye fitilun da shi don kada ya ci fenti, sannan ya jiƙa samfefa a bokiti, ya jera su daga mai kaushi zuwa mai laushi. Ƙa'idarsa ita ce, idan ya goga wannan a kwance, mai bi mata a tsaye zai goga, domin ya gane lokacin da sawun ta farko ya ɓace.

Ta dama ta fito tas. Yana komawa ta hagu sai ga Kawu a kansa, hannu a ƙugu.

"Injiniya, gyara aka ce ka yi ko niƙa? Wannan mai kaushin ai ko ƙarfe sai ta cinye shi."

Injiniya ya san kwarzane mai zurfi ba ya fita sai da ita. Duk da haka ya ajiye ta, ya tsallake zuwa mai laushi. Ya goga, ya ɗauraye, ya sa man gogi ya murza har fitilar ta ɗauki ido. Da ya bi ta da farcensa, sai farcen ya maƙale. Kwarzanen yana nan, ƙyalli ne kawai ya lulluɓe shi.

Daidai nan ungozomar ta dawo, jakarta a kafaɗa. Ta zagaya gaban motar tana tafa hannu.

"Kai, ƙanena! Sababbi ka saka mini ne?"

Kawu ya washe baki. "Malama, ai ɗan ƙanwata ne. A hannuna ya koya." Ya dafa kafaɗarsa, abin da bai taɓa yi ba. "Cire salatif ɗin nan, ba ta makullinta. Gobe akwai motoci biyu, naka ne."

Maimakon Injiniya ya miƙa makullin, sai ya buɗe ƙofa ya kunna fitilun, hasken ya sauka a bangon rumfar. Na dama ya zauna sumul. Na hagu kuwa wani zare ya ratsa shi, ya watsa haske sama, daidai inda idon direba mai tahowa zai kasance.

"Kawu, duba can."

"Na duba. Bango ne."

"Kwarzanen bai fita ba. Na tsallake samfefa ɗaya."

Kawu ya matso, ya rage murya. "Wa ya tambaye ka? Mai mota ta ce ta gode. Rufe mini baki ka ba ta makulli."

Injiniya ya durƙusa gaban bokiti, ya tsamo mai kaushin nan da ya ajiye, ya ɗora ta a tsakiyar fitilar. Ja uku ya yi, ƙyallin ya mutu, fuskar fitilar ta koma fari fat kamar an watsa mata madara.

Ungozomar ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Me na yi maka?"

"Ka ga boko ko?" Kawu ya ɗaga murya har masu facin taya na maƙwabta suka leƙo. "Abu ya gyaru, ya sa hannu ya kashe! Tashi, ba ni samfefar nan!"

Injiniya bai saki ba, hannunsa bai kuma tsaya ba. Farin ruwa na gangarowa ta gwiwar hannunsa ya ce, "Malama, ki yi haƙuri. Dole ta yi muni kafin ta yi kyau. Kawo yatsanki."

Ta sunkuya. Ya nuna mata ƙarshen kwarzanen, farcenta ya maƙale. Ya nuna mata inda ya fara ci, farcen ya wuce salin-alin. Ta dubi bango, ta dubi agogonta.

"Awa nawa?"

"Biyu, har da fesa mata abin kariya daga rana."

"Ina da mai jira a asibiti ƙarfe huɗu. In ka wuce haka, ni da kai ne."

Kawu ya nuna ƙofar gareji da yatsa. "Ba a yi mini gardama a rumfata. Ajiye kayan nan ka fita, ni zan ƙarasa."

Injiniya ya miƙe tsaye, samfefar tana ɗiga a hannunsa. Muryarsa ta kai har bakin titi.

"Kawu, rumfarka ce, kuma zan fita. Amma fitilar nan ni na fara ta, ba mai shafa mata man birki. Sai na gama ta, na miƙa wa Malama makullinta da hannuna, sannan ka sallame ni."