Hayaƙi a Gaban Diran

Hunar Beg ya ƙare ƙuruciyarsa da rabin tsufansa a wani ɗan shago a kasuwar Gilgit, yana ɗaukar hoton kawunan mutane don katin shaida. A ransa kuwa shi mai hoton duwatsu ne. Abin da ya hana duniya ta san haka shi ne bai taɓa ɗaukar dutse ko ɗaya ba, in ka cire wanda mai fenti ya zana masa a labulen shago, mai kama da tulin shinkafa.

Da wayoyi suka cinye sana'ar, sai ya fito da tsohuwar kyamarar katako da ya gada wajen maigidansa, irin mai ƙafa uku da baƙin mayafi. Fallen fim na baƙi da fari guda ɗaya ya rage a kwali, mai kawo masa daga Rawalpindi kuma ya daɗe da komawa sayar da caja. Likita ma ya matsa gwiwoyinsa ya ce daga bana sun gama hawan tudu. Hunar ya yanke shawara: fallen nan na dutsen Diran ne. Dutsen shi kaɗai, ba mutum, ba akuya, ba wanda zai ce a gyara masa hanci.

Ya tafi kwarin Bagrot, a gindin dutsen, wajen Mirbaz, yayan matarsa, wanda yake kai awaki makiyayar sama duk lokacin zafi.

"Mijin ƙanwata, gawar wa ka ɗauko a akwati?"

"Kyamara ce, Yaya."

"To tsakanin kai da ita, wa zan goya?"

Kyamarar ya goya. Mirbaz ya girme shi nesa ba kusa ba, amma haka ya yi gaba da akwatin a baya yana ta hira, Hunar na biye da nasa kayan, wato tumbinsa. Duk inda numfashi ya ƙare masa sai ya tsaya ya ƙanƙance ido, wai yana nazarin haske.

A makiyayar suka tarar Diran ya lulluɓe kansa da gajimare. Kwana da kwanaki Hunar yana zaune bakin bukkar duwatsu, yana shan shayin gishiri da man shanu, yana kallon inda aka ce dutsen yake. Awaki suka saba da shi har suka fara cin gefen mayafinsa.

Wata safiya gajimaren ya fara yayewa daga ƙasa. Kogin ƙanƙara ya fito, sai baƙaƙen duwatsu, sai fararen kafaɗun Diran, sai ƙololuwar kanta, tas, kamar an wanke ta. Hunar ya kafa kyamara, ya cusa kai cikin baƙin mayafi. Ga dutsen a gilashi, kansa a ƙasa kamar yadda kyamarar take nuna komai. Ya riƙe numfashi kada tururin bakinsa ya ɓata gilashin, yana murza maɓalli a hankali, har tsagogin ƙanƙara suka fito ɗaya bayan ɗaya. Ya ji ƙwalla na taruwa. Ya ce a ransa, ashe dai ba ƙarya nake wa kaina ba.

Sai wani abu toka-toka ya ratso gilashin. Sai ƙamshi.

Ya fizge mayafin. Mirbaz ne tsugune kusa da wani faffaɗan dutse, ya tara ɗanyun rassan cili, itacen turaren yankin, ya kunna, hayaƙi na tashi kauri, iska kuma tana kai shi daidai gaban kyamara.

"Yaya! Me kake yi haka?"

"Gaisuwa. Za ka zuba wa masu dutse wannan ƙaton ido ba ko sallama? Kai gobe ka gangara birni, ni da awakina a bar mu da su."

"To matsar da ita baya mana, don Allah!"

"Wutar da aka kunna musu ba a ɗaga ta. Ka manta, ko shayin birni ya wanke maka kai?"

Bai manta ba. Shekaru ya yi yana ba masu zuwa shago dariya da labarin mutanen ƙauyen matarsa, masu turara wa aljanun dutse hayaƙi. Har muryar Mirbaz yakan kwaikwaya.

Ya ɗaga kai. Wani sabon gajimare ya taso daga gabas, ba ya sauri, ba ya kuma tsayawa.

"Yaya, falle ɗaya gare ni. Ɗaya tak. Ba zan sake hawowa nan ba."

"Na sani." Mirbaz ya ja da baya, ya naɗe hannu. "Ni dai ba na kashewa. Ga wuta, ga ƙafarka. Taka, ɗan birni, ba zan ce komai ba."

Hunar ya tako da ƙarfinsa, ya ɗaga takalmi a kan wutar. Nan ya tsaya. Shi bai yarda da aljanun dutse ba, ko kusa. Sai dai hanyar komawa siririya ce, ƙarƙashin gangaren da duwatsu suke zubowa ba gargaɗi, kuma a kan kogin ƙanƙara akwai ramukan da ba a jin ƙarar abin da ya faɗa. Bai yarda ba, amma su waɗanda bai yarda da su ɗin, wa ya san ko an sanar da su? Ga shi nan, dattijo mai furfura, tsaye da ƙafa ɗaya kamar zalɓe, hayaƙi na shiga ƙafar wandonsa.

Ya sauke ƙafar a gefen wutar, a hankali.

"Gwiwar ce," in ji shi.

"Na ga alama," in ji Mirbaz.

Ya koma wajen kyamara, ya zura fim, ya zare murfi, ya tsaya yana jiran hayaƙin ya ɗan kauce. Ya kauce, ya dawo, ya sake kaucewa. Gajimare ya taɓo gefen ƙololuwa. Hunar ya yi bisimilla, ya danna.

A ɗakin bayan shago ya wanke hoton. Matarsa Zarafshan ta karɓa tun bai bushe ba, ta kai bakin ƙofa. Ƙasan hoton ba a magana: kowane dutse da inuwarsa, ƙanƙara fara fat, tsagoginta baƙaƙe ƙirin. A tsakiya kuwa wani ginshiƙi mai launin toka ya miƙe ya rufe ƙololuwar, sai kafaɗa ɗaya ta Diran da ke leƙowa ta bayansa.

"Ina dutsen?"

"Ga shi nan a baya."

"Wato ka karya gwiwa har can don ka ɗauko mana hoton murhun Yaya."

Duk da haka ya sa masa gilashi ya rataye. Duk wanda ya tambaya, sai ya ce gajimare ne, irin wanda ba kasafai ake samu ba.

Da sanyi ya kawo kai, Mirbaz ya sauko sayen gishiri, ya leƙo shagon ana cikin hira. Ya tsaya gaban hoton ya daɗe.

"Kai! Wutata ta yi kyau! Ku duba, ɗanyen cili ne, shi ya sa ya yi kauri haka."

"Gajimare ne, Yaya," in ji Hunar, ƙasa-ƙasa.

"Gajimaren da na kunna da ashana? Sauko min da shi, a ɗakina ya kamata ya zauna."

Ya miƙa hannu. Hunar, wanda tun aurensa bai taɓa ce wa mutumin nan a'a ba, ya ga kansa tsaye tsakaninsa da bango.

"Wannan nawa ne, Yaya. Zan wanke maka wani." Ya gyara zaman hoton a bango. "Ƙarami."