Kyandirin da Ba a Kunna Ba

Hazon teku ya kwanta a kan gonar inabi har ba a ganin layi na biyu. Yasna ta shiga rumfar giya tana hura hannuwanta.

Jiya aka tsiyaye jar giyar daga babban kwarmin siminti, domin a gauraya ta da ta gangaren gabas. Saura ɓawon inabin da ya taru a ƙasa, sai mutum ya sauka ya kwashe da shebur. Amma kafin kowa ya sauka, akan zura kyandir a ciki. In ya mutu, akwai iskar da ke kashe mutum ba wari ba ƙara.

Kawunta Nibaldo ya ƙyasta ashana biyar, duk sun jiƙe da raɓa.

"Kawu, bari in je gidan makwabciyarmu Doña Ximena in karɓo wata ashanar."

"Ke dai tsoro! Shekara talatin ina shiga ramin nan, tun uwarki na yawo ba takalmi."

"Wannan inabin bakin teku ne, Kawu. Sanyi ba ya barinsa ya gama tsima da wuri. Jiya na ji yana huci."

"Hancinki ne ke huci. Riƙe igiya."

Ya ɗaura igiyar a ƙugu, ya ratayo ta kan ƙarfen rufi, ya sauka ba tare da an zura kyandir ba. Wanda ke ciki ba ya yin shiru, haka ka'idar take, don haka ya fara waƙarsa ta kullum, ta wata mai sayar da kifi da ta ƙi shi. Yasna na tsaye a kan tsanin da ke jingine da kwarmin daga waje.

A baiti na uku waƙar ta yanke.

"Kawu?"

Shebur ya faɗi.

Ta leƙa. Yana durƙushe, kansa a jingine da bango. Ta ɗaga ƙafa za ta tsallaka, sai ta tuna 'yan'uwa biyu na gonar makwabta: na biyun ya bi na farko ciki, tare aka fito da gawarsu. Ta ja igiyar, ko motsi. Ta ƙwala kira, hazo ya haɗiye muryarta.

Sai ta naɗe igiyar a hannu biyu, ta rufe ido, ta faɗo daga tsanin da dukan nauyinta. Fatar tafinta ta ɗaye. Can sama ta ji wani abu ya bugi bakin kwarmin. Ta ɗaure igiyar a ƙafar tsani, ta hau, ta jawo kawun nata waje ta wuyan riga.

Ya daɗe kafin ya yi tari. Leɓɓansa sun yi shuɗi.

Da rana ta fito aka samu busasshiyar ashana. Yasna ta zura kyandir. Bai yi kamu ɗaya ba ya mutu.

Nibaldo ya dube shi, ya dubi hannuwanta da aka naɗe da tsumma. Ya miƙa mata kwalin ashanar.

"Ajiye a wurinki, 'yata. Aljihuna yana jiƙa."