Ƙyalle Huɗu

Rhoda ta sake ɗaga almakashin wajen taga, ko wani ɗigon jini ya maƙale a gaɓarsa. Babu komai, amma ta ƙara goga masa buroshi.

"Maman Lovelyn, za ki kankare ƙarfen nan ya ƙare," in ji Oby, abokiyar aikinta a ɗakin turara kayan tiyata na wani ƙaramin asibiti a Samaru.

Rhoda ta ci gaba da gogewa. Yau 'yarta Lovelyn za a yi wa aiki a ciro jariri, don ya kwanta a gicciye. An ba ta hutu ta ƙi. Ƙarfen da zai taɓa 'yarta, ba mai naɗe shi sai ita.

Ta jera kayan a faranti, kowane almakashi baki buɗe don tururi ya ratsa. Daga nan tsoro ya fara ba ta shawara. In ɗaya ya faɗi ƙasa fa? Ta ƙara wani. In jini ya yi yawa? Ta tula auduga. Ƙa'ida ƙyalle biyu ne, ita ta naɗa huɗu, ta ɗaure tamau kamar mai goyo za ta hau acaɓa.

Oby ta dubi ƙunshin, ta buɗe baki, ta fasa. Ta naɗe irin nata na kullum, wanda Rhoda ke yi wa tsiya wai ƙullin alalen Sabon Gari, ta jingina shi cikin injin tururin kusa da na Rhoda, da 'yar tazara tsakaninsu.

Injin ya yi hucinsa ya gama. Da kaya suka huce, Rhoda ta ɗago nata, sai ta ji sanyi a tafin hannu. Gindin ƙunshin a jiƙe yake, kauri ya hana shi bushewa. Ita da bakinta take koya wa sababbin ma'aikata cewa ƙunshi mai laima ba ya shiga tiyata, ƙwayar cuta danshi take bi.

Wata nas ta leƙo. "Mama, naƙuda ta taso mata, likita ya ce yanzu. Ina kayan?"

Ba lokacin sake turarawa. Rhoda ta rungume ƙunshinta, zuciyarta na cewa ai ɗan danshi ne kawai. Ta ji kamar ta yi kuka. Sai ta ajiye shi, ta ɗauki na Oby ta juya, a bushe ƙayau, ta miƙa wa nas.

Bayan an rufe ƙofa Rhoda ta ce wa Oby, "Kin san zai jiƙe, kika yi shiru."

"Da na faɗa za ki ji?" Oby ta jawo mata kujera. "Ranar da aka yi wa Ebele tawa aiki, ƙyalle nawa na sa?"

Rhoda ta tuna. Biyar ne. Ranar ita ma ba ta ce uffan ba, wani ƙunshin ta naɗe a gefe.

Suka zauna suna warware ƙunshin tare, kunnuwansu na ƙofar ɗakin tiyata.