Shagon Kawu da Asusun Asiya

Kawunta ne ya laƙaba mata 'Yar Banki, alhali ba a banki take aiki ba. Ta sha yi masa bayani cewa kamfanin zuba jari ne, suna karɓar kuɗin mutane su saya musu hannun jari a kasuwannin duniya. Shi kuwa ya ce duk inda ake shan sanyin na'ura ana juya kuɗin mutane, banki ne. Da ta gaji ta ƙyale shi, sunan kuma ya bi ta har ofis.

Kawun nan shi ya raine ta tun rasuwar mahaifiyarta. Kafinta ne mai shago a wani lungu bayan tashar mota, kuma da kuɗin kujeru da gadaje ya kai ta har jami'a. Shagon na haya ne. Shekara da shekaru yana biya, har mai ginin ya rasu, magada suka ce sayarwa za su yi. Saboda mutuncin da ke tsakaninsa da mahaifinsu suka ba shi zuwa ƙarshen wata ya kawo kuɗi kafin su nemi wani. Kuɗin kuwa akwai su, saura ɗan abin da ba a rasa ba. Suna cikin asusun Asiya na kamfanin da take aiki, wato na jarin ƙasashen nahiyar Asiya, inda ita da bakinta ta lallashe shi ya zuba, lokacin da kowa ke cewa arzikin duniya can ya koma. Ita ce kuma ta koya masa cewa mai jari ba ya gaggawa. Ya riƙe karatun da kyau, shi ya sa bai cire ba tukuna, yana jiran ribar ƙarshen wata ta cike masa ragowar.

Wata safiya aka tara su a ɗakin taro na hawan sama, aka karɓe wayoyinsu a bakin ƙofa aka zuba cikin kwando. Tun daga nan ta san ba lafiya ba. Manaja ya tsaya gaban allo, jajayen layuka na gangarowa a bayansa, ya yi ta kewaye-kewaye irin na manya. Manyan ƙasashe na ja-in-ja kan haraji, ana raɗe-raɗin tare hanyar jiragen ruwa, masana'antun da suka zuba wa kuɗi ciniki ya tsaya musu. Sai da ya gaji don kansa sannan ya faɗi abin da ya tara su. Asusun Asiya ya ji ciwo fiye da yadda jama'a suka sani. Mako mai zuwa za a rufe ƙofar cire kuɗi, a sayar da abin da zai sayu a hankali, kowa ya karɓi rabonsa in an gama. Yaushe za a gama, kuma me zai rage, Manaja ya ce wannan sai Allah.

Daga nan Malam Doka ya miƙe. Shi ne mai sa ido a kan ma'aikata, mutum siriri mai magana ƙasa-ƙasa, wanda ko gaisuwa ya yi maka sai ka duba aljihunka ko ka ɗauki biron ofis. Ya tuna musu abin da duk sun sani. Wanda ya cire kuɗinsa kafin sanarwa zai fita da su cikakku, amma daga rabon waɗanda suka rage a ciki zai ɗiba. Saboda haka ba a faɗa wa kowa, ko uwa ko miji. Kamfani ya san dangin kowane ma'aikaci da ke da kuɗi a nan, kuma za a duba asusunsu ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka samu ya yi raɗa, kora ce, a kuma hana shi wannan sana'a har abada, in ma bai kwana a hannun hukuma ba.

Ba ta ga laifin dokar ba, kuma abin da ya fi ci mata rai ke nan. Da zalunci ce da ta taka ta da ƙafa ta wuce. Ita kanta tana da tsofaffi masu kiranta kullum su ji lafiyar ɗan abin da suka tara, kuma a makon nan ta riƙa amsa musu da kalmomin da aka koya musu, masu santsi, waɗanda ba ƙarya ba ne kuma ba gaskiya ba. Tana aje waya sai ta ji bakinta ya yi ɗaci. Abinci ya ƙi shiga. Abokiyar zamanta a ofis har ta tambaye ta ko wani saurayi ne ya yaudare ta, ta ce ina ma shi ne.

Ta daure iya daurewa, ranar da ta kasa sai ta tashi aiki da wuri ta nufi lungun. Rana ta yi sanyi, ƙanshin katako ya cika wurin, rediyo na ta surutu a kan taga. Ta tarar da Kawu da fensir a bayan kunne yana auna bangon gabas. Ya ce nan zai fasa ya sa babbar taga da zarar shagon ya zama nasa, don ya gaji da yin aiki cikin duhu kamar ɓera. Ya share mata kujera da hannun rigarsa, ya tambaye ta yaya mutanensa na Asiya, suna aiki kuwa ko barci suke da kuɗinsa. Tun da ya zuba jarin nan ya zama masanin duniya. Ba ya barin labarai su wuce shi, kuma duk maƙwabtan lungun sun san yana da rabo a masana'antun da bai taɓa gani ba. Ya ce ya ji manyan can suna ta hura hanci, amma shi ko gezau, 'yarsa ta ce masa mai jari ba ya gaggawa.

Wannan maganar ce ta karya ta. Ta tashi ta rage muryar rediyon, ta leƙa waje, ta dawo.

"Kawu, gobe da safe ka je ka cire kuɗinka. Duka. Kada ka tambaye ni dalili."

Ya cire fensirin daga kunne ya juya shi a hannu. Kawu ba ya cikin masu saurin magana in abu ya yi nauyi.

"Kowa aka gaya wa, ko ni kaɗai?"

Ta kawar da kai tana kallon ɓawon katako a ƙasa.

"To ke fa? Me za su yi miki?"

Ta ce babu komai, ai kuɗinsa ne, yana da ikon cirewa duk ranar da ya ga dama, kuma kowa ya san zancen shagon. Ta jero dalilai masu kyau, har ita kanta ta kusa yarda. Ya dube ta irin duban da yake yi wa katakon da mai sayarwa ya rantse ya bushe. Sannan ya ce to, ya ji, Allah ya yi mata albarka. Ya raka ta bakin titi kamar kullum, yana yi mata faɗan ta rame.

Abin mamaki, daga ranar sai ta samu barci. Ta riga ta yanke wa kanta hukunci, saura kawai a karanta mata. Ba ta da halin leƙa asusunsa, don duk wanda ya buɗe asusu a kwamfuta sunansa na fita, ita kuwa ba ta son ta kira Malam Doka da hannunta. Sai ta fara kwashe kayanta daga aljihun tebur kaɗan-kaɗan, yau kofi, gobe takalmin ofis, don kada ranar ta zo a gan ta tana haɗa kaya tana kuka. Tana tsoro, ba ta ɓoye wa kanta ba. Wannan aikin shi ne duk abin da ta zama. Amma in ta tuna hannun Kawu, da yatsan da zarto ya gutsure tun tana firamare, sai ta ce aiki ya tafi.

Ranar sanarwa ƙasan ginin ya cika maƙil. Masu zagi na yi, masu kuka na yi, wani dattijo ya zauna a kan matakala ya cire hularsa yana kallon cikinta. Ta wuce ta gabansu kanta a ƙasa. Kafin rana ta take an kori wani abokin aikinsu wanda surukarsa ta kwashe kuɗinta ana jibi za a rufe, ya fita da kwali a hannu ba wanda ya iya kallonsa. Bayan fitarsa aka ce Malam Doka na kiranta.

Ta shiga ta zauna tun bai ce ta zauna ba. Ya gyara gilashinsa, ya ce sun duba asusun kawunta. Ko kwabo bai motsa ba. Ya ce ya san labarin shagon, ya san abin da shirun nan ya ci mata, kuma a shekarunsa na aiki bai cika ganin mai riƙe amana irinta ba. Har ya miƙe ya buɗe mata ƙofa da kansa, abin da ba a taɓa gani ba, ya ce zai ambaci sunanta a sama.

Ba ta san yadda ta isa banɗaki ba. Ta kulle kanta ta kira Kawu. Ya ɗauka cikin raha, ya ce ai kuwa mantawa ya yi, tsufa ne, ya yi ta cewa gobe gobe har aka rufe. Wai yana da baƙi, sai an jima. Kawu da ke riƙe da awon ƙofofin gidajen da ya yi wa aiki tun ba a haife ta ba, shi ne zai manta da kuɗin shagonsa.

Ta yi abin da za ta iya. Ta je wajen magada ta roƙi ƙarin lokaci, babbansu ya ba ta haƙuri cikin ladabi, ya ce su ma kowa da lalurarsa, kuma wani mai sayar da wayoyi ya riga ya zo da kuɗi a hannu. Ta nemi rance, aka ce albashinta bai kai ba. Ta kai wa Kawu abin da ta tara da sarƙar mahaifiyarta, ya mayar mata da su cikin jaka ya ce in ta ƙara zai saɓa mata. Duk lokacin da ta ɗauko zancen asusun sai ya tuna wani aiki na gaggawa. A ofis kuwa aka ƙara mata matsayi, aka ba ta tebur kusa da taga, mutane na zuwa yi mata murna tana amsawa da haƙora.

Ranar tashi daga shagon ta same shi da hantsi, an riga an loda injin aikinsa da ƙananan kaya a motar haya. Zai koma aiki a barandar gidan wani abokinsa, can bayan gari inda ba kowa ke bi ba. Shagon ya yi fili, muryar mutum har amsawa take. Babban teburin aikinsa kaɗai ya rage a tsakiya, baƙi ƙirin saboda tsufa, duk jikinsa sawun guduma ne. Kawu na zagaya shi da zarto a hannu.

Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta yi niyyar yin magana a hankali, amma fushi da kuka suka riga ta.

"Ba mantawa ka yi ba, Kawu. Na riga na shirya. Na kwashe kayana, na yarda a kore ni. Wa ya ce ka zaɓa mini?"

Bai ɗago ba. Ya sa babban yatsa yana gwada kaifin zarton.

"Na je," in ji shi. "Har na shiga layi. Wata tsohuwa ce a gabana, ta kwance bakin zanenta tana zuba kuɗi a wannan asusun, tana ta yi wa yarinyar da ke karɓa addu'a. Ga ki kuma can sama. Sai na ga in na miƙa hannu, ku biyu zan yanka. Na fito na sha iska na dawo shago."

Ta ce to ita yanzu ta yi yaya da wannan tebur da aka ba ta kusa da taga, da yabon da ake yi mata a kan abin da ba ta yi ba. Ya ce ta zauna a kai ta yi aiki, abin da ya biya ke nan. Kuma duk wanda ya tambaye ta, ba ta taɓa zuwa nan ta ce masa ya cire kuɗi ba, shi ma abin da zai faɗa ke nan har ya koma ga Allah.

Direban ya leƙo ya ce rana na yi, a fito da teburin. Kawu ya ce ba zai fita ba. A cikin shagon ya haɗa shi tun yana saurayi, bai taɓa tunanin ƙofa ba, don bai taɓa zaton akwai ranar da zai bi ta cikinta ba. Ya ja layi da fensir a tsakiyarsa, ya ɗora zarton a kai, ya ɗan tsaya.

"Zo ki riƙe mini can," ya ce. "Ki riƙe da kyau, kada ya tsage."

Ta aje jakarta a ƙasa ta kama gefen teburin da hannu biyu, shi kuma ya fara yankawa.