Ƙullin Kaya a Rumfar Bibi Holo

Cikin Nkwimba ya shiga wata takwas, amma ko safa ɗaya ba ta saya wa jaririn ba. Shekara uku da suka wuce, a cikinta na fari, ta cika akwati tun yana wata biyar, ta wanke, ta goge, ta jera. Yarinyar ta zo ba rai. Mijinta Masanja ne ya kwashe kayan kafin a sallamo ta daga asibiti.

Ranar awo, ma'aikaciyar jinya ta miƙa mata takarda: zanen kanga huɗu, ledar shimfiɗa, auduga, reza, baho, da kayan jariri. Surukarta kuwa ta riga ta ce ko tsumma kada ya shigo gidan da sunan wanda bai iso ba. Mahaifiyar Nkwimba kuma ta daɗe da rasuwa. Wata mai ciki da suke layi tare ce ta ga ta yi tagumi, ta ce, "Je ki babbar kasuwar Mwanza, bayan masu busasshen kifi, ki nemi Bibi Holo. Tsohuwar ungozoma ce, yanzu kayan jarirai take sayarwa."

Ta same ta tana ɓare gyaɗa a bakin rumfa.

"Zauna, 'yata, cikin nan ya riga ki shigowa," in ji tsohuwar. Ta karɓi takardar, ta juya ta, ta mayar. "Karanto min, idona ya yi ritaya."

Nkwimba ta karanta. Da ta zo kan kayan jariri sai ta tsaya.

"Kin taɓa saye, ko?"

Ta gyaɗa kai.

"To ji nan. Leda da auduga da zane naki ne, ke za a shimfiɗa wa, tafi da su. Na yaron kuma ki zaɓa, in ƙulle, ya zauna wurina. Ranar da ya yi kuka ki aiko. Riga uku ta isa, kada ki ɗauki mai maɓalli a baya. Takalmi kuwa, ina za shi?"

Da suka gama zaɓe, Bibi Holo ta ɗaga labulen bayan rumfar. Katako ne hawa-hawa, cike da ƙullin zannuwa, kowanne da 'yar takarda mai suna. Na ƙasa launinsu garau. Na can sama sun koɗe, takardunsu sun yi ja.

"Bibi, waɗancan fa?"

"Ba a aiko ba."

"Ba kya sayar da su?"

"Ai an riga an saya. Duk Asabar ina sauke su in shanya saboda asu."

Nkwimba ta roƙe ta ta sa nata a hawan ƙasa. Makonnin da suka biyo, duk sa'ar da cikin ya yi shiru, layin saman nan take gani a ranta, tana tuƙa tuwon ugali ko tana wanki, sai ta tsaya cak har ta ji motsi.

Ta haihu wata safiya ana ruwa, namiji, da kukansa. Masanja ya je ya karɓo ƙullin. A ciki, ƙarƙashin rigunan, akwai wata 'yar hula saƙar hannu, shuɗiya, wadda ba ita ta zaɓa ba. Tana warin ajiya. Ba ta sa wa yaron ba, ba ta kuma iya yarwa ba.

Bayan arba'in ta goya shi ta koma kasuwar da hular.

"Ta wata mata ce daga tsibirin Ukerewe," in ji Bibi Holo. "Shekara tara ƙullinta yana sama. Bara ta zo, ta tsaya inda kike tsaye, ta ce in kwance in raba wa masu rai. Ba ta yarda ta taɓa shi ba. In kina tsoro, bar ta nan."

Nkwimba ta daɗe tana murza zaren da yatsa. Sannan ta sauke yaron, ta gwada masa. Hular ta tsaya a tsakar ka, ta ƙi shiga.

"Wannan kai na gidan ubansa ne," Bibi ta ce tana dariya, amma ba ta miƙo hannu ta karɓa ba.

Nkwimba ta ninke hular ta soke a ƙirjinta. Sai da motar hayar da ta shiga ta kama hanyar bakin tafki ta tuna ba ta tambayi sunan matar ba.