Ɗinkin Bahago

Ni dai ba na son mai mota ya tsaya mini a ka ina aiki, amma Madam Felicitas ta yi kunnen uwar shegu. Tun da hantsi ta kawo motarta garejina da ke unguwar Abattoir a nan Jos, wai mai Keke ya goge ta a Terminus. Bamban baya ya loɓa ta gefen hagu, fenti ya ɗan kwaile.

"Oga Datti, ƙaramin abu ne," in ji ta. "Ka buga shi kawai ya koma."

"Madam, bamban roba ba kwanon sha ba ne. Sai an cire."

Na buɗe but na kwance fitilun baya, na shiga bayan taya na warware sukurori, na ɓalle kilif-kilif na ƙasa. Na ja daga gefe a hankali, bamba ya saki. Na kife shi a kan tsohuwar taya, na sa tsumma na share jar ƙasar da ta daskare a cikinsa. A nan na ga an taɓa gyara shi.

Roba in ta tsage, ta ciki ake ɗinke ta da waya, a bi da ƙarfe mai zafi a narke. Duk fanel bitan da na sani a Jos wayar ƙarfe yake sawa. Mutum ɗaya ne yake warware tagullar tsohuwar fanka, ya ninka ta uku, ya fara ɗinki daga dama, ya murɗe bakin a baibai saboda bahago ne. Yayana ke nan, Abdulfatah. Da ranƙwashi ya koya mini aikin nan, don haka ko a mafarki na san hannunsa. Ɗinkin da ke gabana nasa ne.

Shekara goma sha biyu ke nan da Abdulfatah ya fita zuwa Bukuru sayen fenti, ranar da gari ya rikice, bai dawo ba. Ba asibitin da ban shiga ba, ba gawar da ban buɗe fuskarta ba. Bayan shekara huɗu alƙali ya yanke hukuncin cewa ya rasu, aka yi masa sadaka, matarsa Hassana ta yi takaba. Dangi suka ce kada 'ya'yansa su watse, na aure ta. Da farko don yaran na yi. Yanzu kuwa wallahi ina son matar nan, ga 'yarmu Ummi ta shiga aji ɗaya.

"Madam, yaushe motar nan ta shigo ƙasar?"

"Shekara uku. 'Yar Kwatano ne."

Na zauna a kan jarka. Na nuna mata ɗinkin, na tambaye ta wa ya yi.

"Bara ne, a hanyar Lafiya. Maigidana Dantong ya yi ribas ya buga dutse. Wani mutum a bakin titi ya gyara, a ƙarƙashin mangwaro. Mutumin ba ya magana sosai. Da ya ga lambar Jos, ya daɗe yana kallo, har maigida ya ce ko lafiya. Me ya faru, aikin ba kyau?"

"Da wane hannu yake aiki?"

"Haba Oga, ni na kalli hannunsa?"

Na kunna wuta na gasa wurin da ya loɓa har roba ta yi laushi, na tura da ƙotar guduma ta ciki, na danna jiƙaƙƙen tsumma ta tsaya. Aikin minti goma ne, amma sai da na ƙona yatsa, ni da na shekara ashirin a sana'ar. Ji nake kamar Abdulfatah yana tsaye a bayana zai kai mini ranƙwashi, har na waiga sau biyu. Madam ce kawai, tana danna waya.

Daga nan na yi mata ƙarya. Na ce tsohon ɗinkin ya ruɓe. Na sa zarto na yanke wurin, kamar faɗin tafin hannu, na yi sabon faci, na shafe, na fesa fenti. Da azahar na mayar da bamba, ta ja motarta ta tafi.

Akwai kwata a bayan garejin, wadda ruwan mahauta ke bi. Sau uku ina zuwa bakinta da guntun robar a hannu. In na jefa, shi ke nan, ba wanda ya sani sai ni da Allah. Ina so yayana ya kasance da rai, kuma ina tsoron ya kasance da rai. Ban taɓa jin kunyar kaina irin ta ranar ba. Na sa robar a aljihu na kulle gareji.

Bayan la'asar na shiga gida. Hassana na zaune a tsakar gida tana yanka alayyafon gwate, ta yi mini sannu da zuwa, ta ce yau na dawo da wuri. Na sa hannu a aljihu. Na ajiye robar a bakin tabarma.

Ta goge hannu da zane ta ɗauka. Ita ce take warware wa Abdulfatah tagullar fanka a da, tana naɗewa a jikin kwalba. Ta bi ɗinkin da yatsa daga dama har inda bakin ya murɗe. Na gaya mata shekarun motar, da hanyar Lafiya, da mangwaron. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙa hannu ta jawo mayafi daga igiya ta rufe kanta.

"Datti, yaushe za ka tafi ka dubo shi?"

Tun da aka ɗaura mana aure Baban Ummi take ce mini. Rabon da ta kira sunana tun ina ƙanin mijinta.