Lambar Hafizu

Gidan su Illo na Tibiri ruwa ne ya cinye shi. Daminar nan da aka kwana uku ana sheƙawa, katanga ta jiƙa ta zauna, ɗakin uwarsu Inna Tasalla ya bi baya. Suka kwashi abin da ya kwasu suka dawo Maraɗi, unguwar Zariya, ɗaki biyu na haya. Illo ya kama kabu-kabu. Ƙanensa Hafizu, wanda shi kaɗai ya yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ya samo wata tsohuwar ordinata, kwamfuta ke nan, a gwanjo ya zauna gabanta.

Akwai wani wasan gini da yake yi a ciki. Kowa da filinsa, ya ɗora abin da ransa ke so. Wasu na tada benaye, shi kuwa Hafizu sai ya gina gidansu na Tibiri. Zauren da ƙofarsa ta karkace, rumbu biyu, rijiya da gugarta, har turmin Inna mai tsaga a baki. Yakan ɗaga murya ya ce, "Inna, iccen bedin nan gabas da rijiya yake ko yamma?" Ta ce, "Kai da ka faɗo daga kansa kake tambayata?"

Bara zazzaɓi ya ɗauke Hafizu cikin kwana biyar.

Tun daga nan, kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, Illo ya kunna injin. Abu ɗaya ya iya: ya danna wani ɗan hoto kore, ya jira. Gidan ya buɗe, Inna ta jawo tabarma. Ba ta cewa komai. Iska na kaɗa ganyen bedin, zakara na cara bayan rumbu, tsakar gida ba kowa, amma kullum Illo sai ya ji kamar yanzun nan wani ya gitta ya shige ɗaki.

Wata Juma'a sai ga jan rubutu na Faransanci ya tare ƙofar zauren. Ya danna, rubutun ya kauce. Da sati ya zagayo ya sake fitowa. Ran Asabar Illo ya naɗe injin cikin zanen Inna, ya ɗaure bayan moton da yake kabu-kabu da shi, ya nufi Sabon Gari wurin Maman Lawali mai gyara, abokinsa tun na ƙuruciya.

Maman ya karanta, ya tsotsi haƙori.

"Masu wasan ne. Sun ce ƙarshen wata za su rufe ma masu Linuks ƙofa. Wai ba ku da yawa, ɗawainiyarku ta fi ku."

"Mi ne ne Linuks?"

"Abin da ke tuƙa injin ke nan, direba. Kamar yadda kake tuƙa motonka Kasea, shi wannan direban ƙanenka ya sa mashi. Na kyauta ne, mutanen duniya suka haɗu suka yi shi, kowa ya ɗauka. Marigayi ai gardama gare shi, Maraɗi kaf Windo ake yi, shi sai ya ware."

"To gidan fa?"

"Gida na can wurin masu wasan, ba abin da ya same shi. Ƙofa za mu sake. Tafi ka yi lodi biyu ka dawo."

Maman bai san wani magani ba sai wanka. Injin da ya shigo rumfarsa, ko tari yake ko ciwon kai, sai ya share cikinsa tas ya zuba sabo. Haka ya koya, haka kowa ke yi a layin. Kafin Illo ya dawo da azahar an gama. Wasan ya hau kan Windo, amma maimakon zaure sai wani farin akwati, yana neman kalmar sirri.

"Ba ni," in ji Maman.

"Wace? Bai taɓa tambayata ba."

Maman ya cire hannu daga kan injin. Ya daɗe yana kallon akwatin.

"Ashe a ciki ya ajiye ta. Shi ya sa yake buɗe maka." Ya share goshi. "Na wanke ta, Illo. Wallahi ban sani ba."

Illo bai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Ya zauna kan benci, yana jin kamar an sake aiko mashi da rasuwar.

Saura hanya ɗaya. Masu wasan za su aiko da kod, wasu lambobin shaida, ta salula, lambar da ta ƙare da arba'in da bakwai. Lambar Hafizu ce. Tun bayan sadakar arba'in layin ya mutu, ba wanda ya sake sa mashi kati. Illo ya lalubo sunan cikin salularsa, don bai taɓa iya goge shi ba. Ya danna. Ya zaci zai ji an ce a rufe take.

Sai ta shiga. Ƙara ɗaya, biyu.

"Alo?" Muryar mace ce, da hayaniyar ruwa a bayanta.

An sayar da layin ga wata. Sunanta Habsatu, a Jiratawa take, tana noman zogale. Da ya ambaci kod sai ta kashe.

Washegari da hantsi ya same ta bakin kanal na ban ruwa, tana wanke ganye cikin babban daro. Dattijuwa ce mai kaifin ido. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Kai ne na jiya? Ɗana, ko a rediyo an faɗa: wanda ya ce ka karanto mashi kod ɓarawo ne. Da ƙafarka ka zo, ka fi sauran ƙarfin hali."

"Baba, ba kuɗi ba ne. Gida ne."

"Gida cikin salula? To ni ma a gina mani bene."

Matan da ke kusa suka kwashe da dariya. Illo ya bari suka gama, sannan ya ba ta labari tun daga ruwan Tibiri, bai tsallake komai ba. Da ya zo kan sunan ƙanensa sai hannunta ya tsaya cikin ruwa.

"Hafizu ka ce?"

"Shi."

"Wata huɗu ana nemansa wurina. Wani ya ce ya gyara mashi inji, wani ya ce sun yi lakwal tare. In ce ban san shi ba." Ta tsame hannu ta goge da zane. "Akwai kuma wata. Duk Juma'a, bayan la'asar. In na ɗauka ba ta magana. Numfashi kawai nake ji, na tsohuwa. Sai ta daɗe, sannan ta kashe. Har wurin malam na je, na ce aljana ta kama mani layi."

Ta kwance bakin zane ta fito da salular, ta nuna mashi lambar. Bai buƙaci ya karanta har ƙarshe ba. Shi ya sayo ma Inna wannan layin.

Ya sunkuyar da kai. Ruwan kanal na wucewa.

"Kira abokin naka," in ji Habsatu.

Ya kira Maman, ya ce ya danna a aiko da kod. Ba a jima ba salularta ta yi ƙara. Ta miƙa mashi, sai kuma ta janye.

"A'a. Ni zan karanta. In ɓarawo ne kai, da bakina na ba ka."

Ta nesanta ta da ido, ta shiga kiran lambobin ɗaya bayan ɗaya, Illo na maimaita ma Maman. A ta biyar ta tsaya, ta ce ko shida ce ko takwas, rana ta hana ta gani. Maman na can yana ihu lokaci zai ƙare. Ta kare da tafin hannu.

"Takwas."

Illo ya manna salula a kunne har ya ji zafinta.

"Ya karɓa," in ji Maman. "Amma injin ga ya tsufa, Windo ta yi mashi nauyi. Ashe abin da marigayi ya gani ke nan. Katanga ɗaya-ɗaya take fitowa, kamar ana ginin yanzu. Ban san ko zai daɗe ba, Illo. Tsaya. Ga zaure nan."

Illo ya juyo ya yi mata godiya. Habsatu ta mayar da salular bakin zane ta ƙulle tam.

"Layin yana nan wurina, ba ni yar da shi ba. In sun sake neman kod ka zo." Ta tsoma hannu cikin daron. "Ka ce ma tsohuwarka ta ci gaba da kira. Amma in na ɗauka ta yi magana. Ni ma na binne ɗa."